Kyamarar da na sa a ruwa ta yi yana cikin sati uku, ruwan ne ko gilashin?

Mai Kyamara: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah wanda ya san harkar ruwan teku ya taimaka min da bayani, abin nan ya hana ni barci. Sana'ata haɗa CCTV ce a nan Legas, wani bawan Allah ya ba ni aiki in sa masa kyamara biyu a ƙarƙashin ruwa, yana da kejin kifi a wani rafi mai gishiri-gishiri ta wajen Badagry, yana so ya dinga ganin kifinsa a waya. Ranar da muka sa tar kake gani wallahi, har idon kifi kana gani, ragar kejin fara sol. Bayan kamar kwana goma hoton ya fara yin kamar an zuba shayi, da aka kai sati uku sai ya koma ruwan ƙasa-ƙasa kore-kore kuma dishi-dishi, da dare in fitilarta ta kama kuwa ba ka ganin komai sai farin hazo. Yanzu ya riƙe min cikon kuɗina yana cewa jabu na sa masa, ni kuma na san abin da na saya. Ruwa bai shiga cikinta ba, na duba.

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa ruwan ne ya canza ba wani abu ba. Na yi shekara bakwai a Legas, da damina ta kankama ruwan wajen nan gaba ɗaya yake komawa kamar kunun kanwa saboda abin da koguna ke kwasowa daga tudu. Ka kai mutumin bakin ruwa ka nuna masa da idonsa, magana ta ƙare.

Mai Tarwaɗa: Kafin a ɗora wa ruwa, ka taɓa gaban gilashin da hannunka? Ni tarwaɗa nake kiwo a Zariya, ruwan burtsatse ne ma ba na teku ba, amma ko bokiti ka manta a cikin tankin kifi kwana biyar za ka ji santsi, sati biyu gansakuka ta rufe shi.

Mai Kyamara: Jiya na ciro ɗaya. Gaskiya da na ɗago ta kamar ba komai a gilashin, sai da na sa yatsa na ji ya zame, wani yauƙi ne kamar na kuɓewa amma ruwan zuma, yana ƙarnin kifi. A gefen ƙarfen da ya riƙe gilashin akwai zare-zare kore, sannan wasu 'yan farare masu tauri kamar ƙwayar gero zuwa ƙwayar wake, kowanne da ɗan baki a samansa, guda uku ma a kan gilashin kansa suke. Na so in ɓanɓare ɗaya da farce ya yanke ni. Amma fa yauƙin bai kai kaurin takarda ba, shi ne na kasa yarda cewa shi kaɗai zai ɓata hoto haka.

Malama Kimiyya: Sannu ƙanena, Allah ya fitar da kai. Abin da ka taɓa ɗin nan rayayyun halittu ne suka tare a gilashin, kuma bi da bi suke zuwa. Duk abin da aka tsoma a teku, cikin 'yan mintoci wasu sinadarai da ke narke a ruwan, irin su furotin da dangin sukari, za su manne masa su yi shimfiɗar da ido ba ya gani. Cikin awanni bakteriya su sauka a kai su fara fitar da yauƙi don su kama wurin da kyau. Bayan 'yan kwanaki sai wasu ƙananan tsirran ruwa masu ƙwayar halitta ɗaya tal su shigo, dayatom ake ce musu, kowanne yana cikin ɗan kwanso na silika wato sinadarin yashi da ake yin gilashi da shi, su ne suka ba ka kalar shayin nan ta kwana goma. Daga nan sai 'ya'yan manya su iso, zaren gansakukar teku, da waɗannan fararen da suka yanke ka. Banakul sunansu, kuma duk da kamar ƙumba suke, dangin kaguwa da jatan lande ne. Ɗansa yana iyo a ruwa yana neman wuri, in ya samu sai ya liƙa kansa da wani danƙo mai ƙarfin gaske ya gina bango na farar ƙasa kewaye da shi, shi ke nan ba ya sake motsi har ya mutu, ta bakin nan na sama yake miƙo ƙafafunsa yana tace abinci. Charles Darwin shekara takwas ya yi yana nazarinsu, daga 1846 zuwa 1854. A ruwa mai ɗumi mai abinci da yawa irin na Legas duk wannan jerin gudu yake yi, sati ukun da ka faɗa bai ba ni mamaki ba.

Baban Khalifa: Malama ban ƙi ta taki ba, amma shi da kansa ya ce bai kai kaurin takarda ba. Tsakanin kyamara da kifi akwai ruwa mita ɗaya ko biyu. Ta yaya abu siriri haka zai rinjayi mita biyu na ruwa mai laka? Ni hankalina bai ɗauka ba.

Malama Kimiyya: Tambayar tana kan hanya Alhaji. Abu biyu ne yauƙin yake yi wa haske, yana shanye wani yana warwatsa wani, bari in ɗauke su ɗaya-ɗaya.

Farin hasken rana gauraye ne na launuka kuma kowanne da tsawon zangonsa, kamar yadda rediyo ke da gajeren zango da matsakaici, sai dai na haske ƙanana ne ƙwarai da nanomita ake auna su, daga wajen 400 ɓangaren shuɗi zuwa wajen 700 ɓangaren ja. Kulorofil, wato sinadarin koren ganye, da ke cikin waɗannan tsirrai abincinsa haske ne, amma zaɓe yake, ya fi cin shuɗi wajen 440 da ja wajen 675, ya bar kore ya wuce, shi ya sa ganye yake kore. Shi dayatom yana da ƙarin wani launi da ake kira fukozantin wanda ke ƙara cin shuɗi har ya ɗan gutsuri koren ma, abin da ya rage sai rawaya da ruwan ƙasa. To ka ga waɗannan ƙwayoyi da suke warwatse a ruwa nan da can, a kan gilashin sun taru ne jiki da jiki, dubbai a wurin da bai kai kan allura ba. Kamar ka sa wa kyamarar tabarau mai kala ne, kuma duk hasken da zai shiga dole ta nan zai bi, ba wata ƙofa.

Na biyun ya fi muni. Haske yana lanƙwasa duk sanda ya fita daga wani abu ya shiga wani, ma'aunin wannan lanƙwasa a ruwa wajen 1.33 ne a gilashi wajen 1.5, kuma wanda ya ƙera kyamarar ya yi lissafinsa ne a kan ruwa ya taɓa gilashi sumul. Yanzu a tsakani akwai ƙwayoyi da kwansuna da laka da yauƙin ya kama, kowanne yana karkatar da hasken ta inda ya ga dama. Wanda ya taɓa tuƙi da dare lokacin hunturu da ƙura a gilashin mota ya sani, ƙurar ba ta da kauri, da rana ma kana gani, amma mota ta dallo maka fitila sai gilashin gaba ɗaya ya yi fari fat. Shi ne farin hazon da yake gani da dare, fitilar kyamarar tana dukan yauƙin da ke dab da ita hasken yana komawa cikin idonta kafin ya kai ga kifi. Yanar ido ma haka take, abu ne ɗan ƙarami amma a daidai ƙofar haske ya zauna.

Maman Amira: Allah mai iko. Malama Allah ya ƙara basira, yau na gane abin da ya sa tankin ruwanmu fari yake yin kore a ciki amma baƙin na maƙwabta ba ya yi.

Malama Kimiyya: Amin Hajiya, haka ne, farin yana barin haske ya ratsa sai gansakuka ta samu abinci. Amma shi ma baƙin ki sa hannu za ki ji santsi, bakteriya ba ruwansu da haske.

Mai Kyamara: Malama wani abu, ɗaya daga cikin kyamarorin fitilarta fara ce kuma mutumin ya ce in bar ta a kunne dare da rana, ɗayar kuma infared ce irin ta CCTV da muka saba. Mai farar fitilar ta fi yin kore sosai, ita kuma mai infared ɗin tun ranar farko da dare ba ta gani da nisa.

Malama Kimiyya: Ka ba wa kanka amsa ai. Farar fitilar ciyar da su take, ka ba su rana ta awa 24 a daidai bakin gilashi. Ita kuma infared, wato hasken da ya wuce ja wanda ido ba ya gani, ta CCTV yawanci nanomita 850 ce, ruwa yana shanye ta da sauri ƙwarai, kafin mita ɗaya zuwa biyu ta ƙare ko da ruwan garau yake. Ƙari a kan haka tsirrai ba sa cin infared, mayar da ita suke yi da ƙarfi, da an wuce wajen 700 sai su koma kamar farin bango, to yauƙin da ke gilashin shi zai fara dawo maka da ita.

Injiniyan Jirgi: Salam. Na jima ina karantawa. Ni a jiragen dakon kaya nake aiki kuma wannan abu shi ne ciwon kanmu kullum, jirgi ya tsaya jiran layi a waje da tasha sati uku huɗu a ruwa mai zafi, da ya tashi za ka ga inji yana shan mai fiye da ƙa'ida gudu kuma ya ragu. Na ga jirgin da aka ɗaga a busasshiyar tasha, jan fentin ƙasansa ba ka ganinsa sam, daga layin ruwa zuwa ƙasa kaɗan kore shar kamar ciyawa saboda nan haske yake kaiwa, can ƙasan ciki inda duhu yake kuma fari-fari toka-toka, banakul da tsutsotsi masu bututu. Maganin da aka sani tun da shi ne jan ƙarfe, sojan ruwan Ingila sun lulluɓe ƙasan wani jirginsu mai suna Alarm da farantan jan ƙarfe tun 1761, har yau yawancin fentin ƙasan jirgi da sinadarinsa ake yi. Shawarata ka samu fentin nan ka shafe gidan kyamarar, gilashin kawai za ka bari.

Mai Tarwaɗa: Injiniya tsaya, a cikin kejin kifi fa take. Abin da zai hana halitta zama ai guba ne, kifin nan kuma mutane ne za su ci. Ni ko maganin gansakuka mai jan ƙarfe da ake sayarwa ba na yarda ya kusanci ƙananan kifina, awo kaɗan ya wuce sai ka wayi gari sun taso.

Injiniyan Jirgi: Gaskiyarka a nan, ban yi la'akari da kejin ba, fentin an yi shi ne ya dinga sakin gubar a hankali. Kuma mu a harkar jirgi mun taɓa ƙonewa. Akwai wani fenti mai sinadarin kuza da ake kira TBT, yana aiki fiye da komai, sai ga shi a gaɓar Arkashon ta Faransa a ƙarshen shekarun 1970 noman kawa ya durƙushe, kwansunansu suna naƙasa ƙanana ba sa rayuwa, wasu dodon koɗin teku mata kuma suna fitar da gaban maza. Faransa ta hana shi a ƙananan jirage a 1982, sannan yarjejeniyar hukumar jiragen ruwa ta duniya da ta haramta shi ta fara aiki a 2008. Na janye maganar fenti. Amma zobe na zallan jan ƙarfe kewaye da gilashin daban ne, abin da yake saki kaɗan ne kuma ruwa yana gudu a wurin, masu na'urorin awo suna yi.

Malama Kimiyya: Suna yi, har da murfi na jan ƙarfe da ke rufe gilashin ya buɗe lokacin awo kawai, wasu da ɗan burushi mai juyawa kamar waifar mota, sababbi kuma da ƙaramar fitila mai hasken UV, wani haske da ido ba ya gani, da ke kashe ƙwayoyin. Duk suna jinkirta abin ne kawai, ba wanda ya raba su da wanki.

Kuma ƙanena kada ka ga kamar kai kaɗai ne, manyan masana ma tambayarka ce take damunsu, ruwan ne ya canza ko tagar da nake leƙe ta ciki? Taurarin ɗan'adam da ke auna launin teku don a san yawan tsirran cikinsa, kusan kashi 90 cikin 100 na hasken da suke gani daga iska yake zuwa, ɗan ragowar ne na ruwa, don haka kuskure kaɗan yana ɓata lissafi. Shi ya sa Amurka ta girke wata na'ura mai suna MOBY a teku kusa da tsibirin Lanai na Hawai tun 1997, tana auna hasken daga cikin ruwa ana daidaita taurarin da ita. Wuri ne da aka zaɓa saboda ruwansa garau yake, amma duk da haka masu nutso suna zuwa a kai a kai su wanke idanunta, suna awo kafin wanki da bayan wanki don a san nawa yauƙi ya ci, bayan 'yan watanni kuma a ciro ta gaba ɗaya a sa wata. Na'urar auna kulorofil ta fi shiga uku, ita shuɗin haske take haskawa kulorofil ya amsa da ja wajen 685 ta ƙirga, to in dayatom ya tare a gilashinta sai ta dinga ba da rahoto teku ya cika da tsirrai alhali na fuskarta take ƙirgawa.

Ɗan Maraɗi: Malama kin taɓo inda nike. Ina karatun fizik a kudancin Faransa, kuma nan kusa da mu wajen kilomita 40 daga gaɓar Tulon anka yi wata na'ura ANTARES a ƙasan Bahar Rum, zurfin kusan mita 2,500, daga 2008 da anka kammala ta har 2022. Ƙwallaye ne na gilashi 885 a jikin igiyoyi 12, kowane da ido mai jin haske a ciki, suna jiran ɗan walƙiyar shuɗi da ke fita idan nutirino, wata ƙwaya ƙanƙanuwa ƙwarai da ka zuwa daga sararin sama, ta bugi wani abu. Can ƙasa duhu ne baƙi ƙirin babu gansakuka, amma bakteriya na nan kuma ƙura na sauka daga sama kullum. Kafin su gina sai da sunka tsoma ƙwallo na gwaji sunka auna, sunka ga saman ƙwallon da ke kallon sama shi ka dushewa da sauri, gefensa kuwa hasken da ya rasa a shekara wajen kashi 2 cikin 100 ne. Don haka idanun duka anka karkata su ƙasa da digiri 45. Ɗan'uwa mai kyamara, taka ina take kallo?

Mai Kyamara: Sama-sama take kallo, a ƙasan kejin na ɗaure ta don ta ga kifin lokacin da suke tasowa cin abinci.

Ɗan Maraɗi: To ka tara mata duka, rana na dukan gilashin, ragowar abinci da kashin kifi na sauka bisa. Ka maida ta sama ta kalli ƙasa a karkace, ka yi mata ɗan rufi kamar hular kwano. Na'urorin Argo ma, masu auna zafi da gishirin ruwa, kusan 4,000 da ke yawo a tekunan duniya, yawancin lokacinsu a zurfin mita 1,000 suke cikin duhu da sanyi, duk kwana goma suke tasowa su aika saƙo su koma, wannan na cikin abin da ke sa su yi shekaru ba wanda ya wanke su.

Bakin Bahar Maliya: Gaisuwa daga ɗan'uwanku Bahaushen Bar Sudan. Na yi aiki a kwalekwalen masu kai baƙi nutso shekarun baya. Kusa da tasharmu akwai jirgin Italiya Umbria da mutanensa suka nutsar da shi da kansu a 1940, da kuma ragowar gidajen ƙarƙashin ruwa da Bafaranshen nan mai binciken teku Kusto ya gina a Sha'ab Rumi a 1963. In ka sauka ba ka ganin ƙarfe ko fenti, murjani da soso da wata gansakuka mai tauri kamar siminti sun rufe ko'ina. Abin da ya fi tsaya min a rai, daga nesa duk shuɗi-shuɗi toka-toka kake gani, amma ka matsa ka haska tocila sai ja da ruwan goro da ruwan hoda su fito kamar an shimfiɗa atamfa, ka kashe su ɓace. Na tambayi wani mai nutso ya ce ja ne launin da ruwa ke fara cinyewa, kafin mita goma ya kusa ƙarewa. Kuma mu ruwanmu garau ne ba kogi ko ɗaya da ke zuba laka a ciki, amma igiyar da muke ɗaure kwalekwale fara ce muka saya, wata ɗaya ta koma ruwan ƙasa. Don haka Alhaji Baban Khalifa, ko ba damina abin yana faruwa.

Baban Khalifa: Na ji, kuma na ƙaru. Amma har yanzu ina nan a kan cewa ruwan Legas na watan Yuni ba ɗaya yake da na Janairu ba, kada a wanke gilashi a ce wa mutumin zai dawo kamar ranar farko sannan ya ƙi dawowa, yaron nan ya ƙara shiga matsala.

Malama Kimiyya: Wannan gaskiya ne Alhaji, kuma ana iya raba gardamar ba tare da an kashe ko sisi ba. Ƙanena ka samu farin murfin bokitin fenti mai faɗin kamar santimita 30, ka huda tsakiya ka zura igiya ka ɗaura dutse a ƙasa, ka yi ƙulli a igiyar duk bayan santimita 10. Da rana tsaka ka tsaya ta gefen inuwa ka dinga sakinsa a ruwa har ya ɓace maka, ka rubuta zurfin. Wani malamin taurari ɗan Italiya Angelo Secchi ne ya fara wannan awo a Bahar Rum a 1865 kuma har gobe ana yi. Wannan ya gaya maka halin ruwan ba tare da gilashinka ya sa baki ba. Sai kuma ka riƙe murfin a gaban kyamarar da ba ka wanke ba a tazarar rabin mita ka ɗauki hoto, ka wanke ta ka sake ɗauka a take a wuri ɗaya, ruwa dai bai canza cikin minti goma ba, duk bambancin da ka gani na gilashin ne. A gaban mai kifin za ka yi. Murfin kuma ka dinga ciro shi kana shanyawa, in ka bar shi a ruwa shi ma zai daina zama fari.

Ɗan Maraɗi: Wanga na ƙarshe da kinka faɗi shi ne matsalar masu neman robobi a teku da tauraron ɗan'adam Sentinel-2. Sabuwar roba tana da irin hasken da take maidowa, amma ta yi makonni tana yawo sai yauƙi ya rufe ta ta fara shanye ja kamar ganye, daga sama sai ta yi kama da ciyawar teku, in nauyin ya yi yawa ma ta nutse a daina ganinta.

Mai Kyamara: Salam 'yan uwa, na dawo da rahoto, yau da safe muka je da mutumin. Mun yi yadda Malama ta ce a kan ta biyun da ban taɓa ba. Kafin wanki murfin ya fito kalar ruwan shayi gefensa duk ya narke ba ka gane inda ya ƙare, na goge da tsumma mai laushi na mayar, sai ga shi fari har rubutun jikinsa ana karantawa. Mutumin ya yi shiru yana ta kallon wayar, ya sa aka sake ciro ta ya shafa gefen da ban goge ba da yatsansa ya shinshina. Amma Alhaji Baban Khalifa ma yana da gaskiya, ƙarshen kejin da muke gani a ranar farko yanzu ba a gani ko bayan wankin, murfin kuma a ƙulli na bakwai ya ɓace, an yi ruwan sama shekaranjiya. Ya ba ni rabin cikon ya ce sauran sai na juya su sun kalli ƙasa.

Matsala ɗaya, ta farkon da na ciro na kankare fararen nan da reza, ashe murfin gabanta ba gilashi ba ne roba ce mai kama da gilashi, ta yi zane-zane, kuma inda kowane banakul ya zauna ya bar wani farin zobe da ya ƙi fita. Da rana ba laifi amma da fitila ta kama wurin yana ƙyalli.

Injiniyan Jirgi: Zoben gindinsa ne da ya bari, farar ƙasa ce. Ka jiƙa auduga da binega ko ruwan lemun tsami ka ɗora a kai minti ashirin zuwa talatin zai yi laushi, sai ka ture da katin roba irin na ATM da ya mutu, kada ƙarfe ya sake taɓa wurin. Kuma kada ka kusanto da sifirit ko tina, irin wannan robar tsatstsagewa take yi. Zanen reza kam in ya yi zurfi sai dai canjin murfi, don yauƙin ma a cikin zanen zai fara kamawa tsumma ba ya kaiwa.

Mai Tarwaɗa: Ka gaya masa yaron da ke ba kifi abinci ya dinga gogewa duk kwana uku tun yana yauƙi, kafin masu taurin su zauna. Ka ɗaura kyamarar a jikin sanda yadda za a zaro ta daga sama ba sai an shiga ruwa ba.

Mai Kyamara: In sha Allah haka za a yi, gobe zan je wajen mai walda a yi sandar da ɗan rufin, fitilar kuma zan sa mata taima ta dinga kamawa lokacin ba da abincin dare kawai. Na gode ƙwarai Malama da Injiniya da kowa, Allah ya saka da alheri. Zan dinga rubuta awon murfin duk sati in turo nan har rani ya shigo mu ga ƙulli nawa zai kai. Injiniya zoben jan ƙarfen nan, bututun da masu gyaran AC suke amfani da shi zai yi in an buɗe shi an daddale, ko sai an samu faranti?

Injiniyan Jirgi: Zai yi, shi ma zallan jan ƙarfe ne. Amma ka sa roba a tsakaninsa da gidan kyamarar in na alminiyom ne, in suka haɗu a ruwan gishiri alminiyom ɗin ne zai cinye. Turo min hoton gidan in gani kafin ka huda komai.